ƘARYAR TAKARDAR NEMAN AIKI BA TA TSUFA, In Ji Wani Ɗan Uwa

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa, wanda ya daɗe yana aiki a sashen ɗaukar ma'aikata na wani kamfani, ya gabatar a gaban matasa 'yan uwa a wani zama da aka shirya domin waɗanda suka gama karatu suke neman abin yi. Maudu'in da aka ba shi shi ne yadda masu ɗaukar aiki ke bincikar mai nema, da haɗarin ƙarin gishiri a takardar nan da ake kira CV, wato wadda mutum ke zayyana tarihin karatunsa da ayyukan da ya taɓa yi.

Bayan ya yi godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzon Allah (S) da iyalan gidansa, mai jawabin ya fara da cewa bincikar mai neman aiki ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Ya ce duk wanda ya taɓa zama a kasuwa ya san ba a ɗaukar yaron shago haka kawai don ya zo da kyakkyawar riga. Sai an tambayi ɗan gidan wane ne, a hannun wa ya zauna a da, me ya raba su. Sau da yawa ma sabon ubangidan kan taka da ƙafarsa ya je wurin tsohon ubangidan, su keɓe su yi maganar da yaron ba zai taɓa jin ta ba. Ya ce to wannan ɗin shi ne kamfanoni da ma'aikatun gwamnati ke yi, illa dai su sun haɗa da wasiƙa da waya da kwamfuta.

Daga nan ya shiga bayanin yadda abin ke gudana. Ya ce mafi yawan matasa sun ɗauka sunayen mutum biyu ko uku da suke rubutawa a ƙarshen takarda a matsayin masu shaida ado ne kawai, ba mai kiran su. Alal haƙiƙa a lokacin tace takardu ba a cika kira ba, domin takardun sun yi yawa. Sai an yi intabiyu, an zaɓi mutum, wani lokaci har ya kama aiki ya karɓi albashin wata ɗaya ko biyu, sannan binciken ke kankama. Shi ya sa takardar ɗaukar aiki kan zo da sharaɗi a ciki cewa tabbatar da mutum ya dogara ne a kan sakamakon bincike, sharaɗin da galibi ba a karantawa saboda ɗokin murna.

Ya ce ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya dogara da lambar wayar da mai nema ya rubuta. Yakan nemi lambar kamfanin da aka ambata ta wata hanya dabam, ya kira ofishin ma'aikata, ya tambaya ko akwai mai wannan suna da wannan muƙami. Idan wasiƙa ce, yana son amsa ta fito daga adireshin imel na kamfanin, ba daga wani Gmail da aka buɗe shekaranjiya ba. Idan kuwa bai taɓa jin sunan kamfanin ba, sai ya duba a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, inda kowa ke iya bincikar suna ya ga ko an yi masa rajista da kuma shekarar da aka yi. A nan ake kama wanda ya rubuta cewa ya yi aiki daga 2016 a kamfanin da bai zo duniya ba sai 2020.

Mai jawabin ya sa mahalarta dariya da ya zo kan masu ba da lambar abokinsu su ce ta manaja ce. Ya ce an shirya da aboki, an koya masa abin da zai faɗa, to amma an manta da Truecaller. Ana danna lambar sai sunan da mutanen unguwa suka ajiye shi da shi ya bayyana, wane mai cajin waya, ko wane mai shayi. Ko da kuma wannan bai tona asiri ba, tambaya ta uku za ta tona. Domin tambayoyin, in ji shi, ba masu wuya ba ne ga wanda ya sani, amma masu kashe baki ne ga wanda aka koya wa. A wane wata ya fara, a wane wata ya bari? Mene ne sunan muƙaminsa? Wa ke sa masa hannu a takardar hutu? Mutum nawa ne a sashensu? Me ya sa ya tafi? Sannan ta ƙarshe wadda ita ce uwar tambayoyi: da zai dawo gobe, za ku sake ɗaukar sa?

Ya ce a wannan tambaya ta ƙarshe ba amsar kaɗai ake saurare ba, har da shirun da ya gabace ta. Mutanenmu ba sa son a ce su suka toshe wa wani hanyar abinci, saboda haka da wuya tsohon shugaba ya fito fili ya ce wane ɓarawo ne ko malalaci. Sai dai ya ja numfashi ya ce to, ai yaro ne mai ladabi. Mai bincike ya san an tambayi aiki an ba shi amsar ladabi, ya kuma san ma'anar haka.

Akwai kuma binciken da ya kira na bayan gida, wanda ba ya bi ta kan sunayen da mai nema ya bayar sam. Ma'aikata na yawo daga wannan kamfani zuwa wancan, kuma a kowace sana'a mutanen sun san juna fiye da yadda sabon shiga ke zato. Wataƙila akawun da ke zaune a ofishin da kake nema ya yi shekara biyar a inda ka ce ka riƙe muƙamin mataimakin manaja, tambaya ɗaya a wurin cin abinci ta isa. Ga kuma abin da mutum ya rubuta da hannunsa a Facebook da LinkedIn. Ga takardar asusun fansho, wadda ke nuna sunan kamfanin da ya riƙa zuba wa mutum kuɗi da watannin da ya zuba. Wanda ya ƙara wa tsohon albashinsa kuɗi don a yi masa tayi mai tsoka, sai a ce ya kawo takardar biyan albashi ta wata uku. Ya ƙara da cewa tun da aka kafa dokar kare bayanan mutane a 2023, kamfanoni kan ba mai nema fom ya sa hannu cewa ya yarda a bincike shi, don haka wanda ya sa hannu ya sani ba wasa ake yi ba.

Da ya juya kan takardun makaranta, ya ce a nan ne zamani ya fi sauyawa. A da sai an rubuta wasiƙa zuwa ofishin rajistara na jami'a, a yi watanni ana jiran amsa, wasu ma'aikatun ma su gaji su bari. Yanzu sakamakon WAEC da NECO ana duba shi ta intanet cikin 'yan mintoci. Sunan ɗalibi yana cikin jerin JAMB ko ba ya ciki. Takardar bautar ƙasa tana da lamba, hukumar kuma tana amsa tambayar masu neman tabbaci. Likita yana da rajista a majalisar likitoci, ma'aikacin jinya a tasu majalisar, injiniya a COREN, malamin makaranta a TRCN. Mai neman aikin asibiti a Saudiyya kuwa sai takardunsa sun bi ta hannun kamfanin DataFlow, wanda ke tuntuɓar makarantar da ta bayar da shaidar kai tsaye. A harkar banki, Babban Bankin Nijeriya na ajiye sunayen ma'aikatan da aka kora saboda zamba, kuma ana buƙatar bankuna su duba kafin su ɗauki mutum, don haka wanda aka kora a Kano ba zai je Fatakwal ya ce sabon shiga ba ne.

A nan ne ya kawo misalan da duk ƙasa ta sani. Ya ce a 1999 an zaɓi Salisu Buhari daga Kano a matsayin Shugaban Majalisar Wakilai, muƙami na huɗu a ƙasar nan. Ya ce yana da digiri daga Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, ya kuma ce shekarunsa 36, alhali 29 ne, tsarin mulki kuwa a lokacin ya ce sai mai 30 zai shiga majalisar. Mujallar The News ba wani tsafi ta yi ba, jami'ar kawai aka tambaya, ta ce ba ta san shi ba. Bai cika wata 2 a kujerar ba ya sauka yana hawaye a watan Yuli na shekarar. Kotu ta same shi da laifi, aka ba shi zaɓin tarar Naira 2,000, daga baya kuma Shugaba Obasanjo ya yi masa afuwa. Amma har yau, in ji mai jawabin, in aka ce takardar wane Toronto ce, kowa ya san abin da ake nufi.

Ya ja hankalin matasan da su lura da wannan tara da wannan afuwa, kada su ruɗu da su. Ya ce wannan gatan manya ne. Ɗan talakan da aka kama da sakamakon jarrabawa na jabu ba mai yi masa afuwa, kora ce nan take, babu giratuti babu fansho, wani lokaci a ce ya dawo da albashin da ya ci, wani lokaci a haɗa shi da 'yan sanda. Dokar Penal Code ta Arewa ta 1960, a sashe na 364, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga mai ƙirƙirar takardar jabu, kuma wanda ya yi amfani da ita yana sane hukuncinsu ɗaya da wanda ya buga ta.

Misalin da ya fi daɗewa a kansa shi ne na Kemi Adeosun, Ministar Kuɗi da ta yi murabus a watan Satumba na 2018 bayan jaridar Premium Times ta bankaɗo cewa takardarta ta yafe bautar ƙasa jabu ce. Ita ta ce ba ta san jabu ba ce, wasu da ta amince da su ne suka karɓo mata. A 2021 kuma wata Babbar Kotun Tarayya ta yanke hukuncin cewa tun asali bautar ƙasar ba ta hau kanta ba. Wato ke nan takardar da ba ta ma buƙata ita ta raba ta da kujerarta. Ya ce darasin 'yan uwa a nan shi ne batun "akwai wani mutumina a ofishin, kawo kuɗi in karɓo maka." Duk takardar da ba ka bi layi ka cika fom ka karɓa da hannunka ko ta hanyar da hukuma ta shimfiɗa ba, to ba ka san abin da kake ɗauke da shi a jaka ba, ranar bincike kuma mutumin naka ba ya nan.

Haka ya taɓo batun digirin Kwatano. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya wallafa yadda ya sami digiri daga wata jami'a a Jamhuriyar Benin cikin mako 6 ba tare da ya shiga aji ba, har ya tafi bautar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo, a watan Agusta kuma Ministan Ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce an gano sama da mutum 22,000 masu takardun bogi daga ƙasashen biyu. Abin takaicin, in ji shi, shi ne waɗanda suka je can suka zauna suka yi karatu na gaskiya su ma zargin ya shafe su.

Don kada a ce abin na Nijeriya ne kawai, ya ambaci Scott Thompson, wanda aka naɗa shugaban kamfanin Yahoo na Amurka a Janairun 2012. Yana da digiri na gaske a fannin akanta, amma tarihinsa ya nuna har da na kimiyyar kwamfuta wanda ba shi da shi. Wani mai hannun jari ya tona, a watan Mayu ya bar kujerar. Sai Marilee Jones ta jami'ar MIT, wadda ta rubuta digirorin da ba ta da su lokacin da ta nemi wani ƙaramin aiki a 1979, ta yi ta hawa har ta zama shugabar sashen ɗaukar ɗalibai, sai a 2007 abin ya fito ta sauka, bayan shekara 28. Ya ce ita wannan takarda da kake miƙawa yau fayil za a buɗe mata, kuma duk ƙarin girman da ka samu ƙara wa masu son buɗe fayil ɗin yawa yake yi. Masinja ba mai tono tarihinsa. Ranar da aka ce kai ne darakta, ranar abokan takara ke tuna cewa akwai ofishin rajistara.

Mai jawabin bai ɓoye cewa akwai abin da ke tura matasa ga wannan ba. Ya ce zalunci ne a sa talla a ce ana neman wanda bai wuce shekara 26 ba kuma mai ƙwarewar shekara 3, a ƙasar da yajin aikin malaman jami'a ya cinye wata 9 a 2020 da wata 8 a 2022. Yaron da ya fara da makarantar allo, ya shiga firamare a makare, ya zauna gida shekara biyu yana neman gurbi, ta ina zai gama a 24? Ga kuma ganin da yake yi ana raba guraben aiki ga 'ya'yan wane da wane ba tare da ko intabiyu ba. Ya ce duk wannan gaskiya ne, to amma rage shekaru ba ya gyara shi, sai dai ya ba azzalumin igiyar da zai ɗaure ka da ita. Kuma yau ranar haihuwa tana rubuce a WAEC, tana NIN, tana BVN, tana fasfo. Wanda ya je kotu ya yi rantsuwa ya zaftare shekara huɗu, ya gyara takarda ɗaya ne ya bar huɗu suna ƙaryata shi, ban da nauyin rantsuwar kanta, wal'iyazu billahi.

Sai dai ya ce galibin 'yan uwa ba za su sayi digiri ba, inda ƙafa ke zamewa shi ne ƙananan abubuwan da ake gani kamar ba komai. Wanda ya taya aiki ya rubuta shi ya jagoranta. Wanda ya yi wata 4 ya mai da shi shekara don ya rufe giɓin zaman gida. Wanda ya iya buga wasiƙa ya rubuta ƙwararre a kwamfuta, sai a zaunar da shi gaban Excel a ce ya haɗa lissafin albashin mutum 20, gumi ya karyo. Wanda ya yi Islamiyya ya rubuta yana jin Larabci sosai, sai a yi rashin sa'a cikin masu intabiyu akwai wanda ya yi karatu a Sudan. Ya ce da zarar an kama ɗaya, sauran gaskiyar da ke cikin takardar duk ta mutu, domin mai karantawa ba shi da hanyar sanin inda gishirin ya tsaya.

Maganin, a cewarsa, ba wai mutum ya ƙasƙantar da kansa ba ne. Ya tunatar da cewa Annabi Yusuf (AS) da bakinsa ya gabatar da kansa ga sarkin Masar domin kula da rumbunan ƙasa, ya faɗi abin da ya iya, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Matsalar matasanmu ita ce suna raina abin da suka yi da gaske suna ƙirƙirar wanda ba su yi ba. Ɗan uwan da ya koyar da yara 40 a Islamiyya shekara 3 ba fashi, ko ya riƙe kuɗin ƙungiya ba a taɓa samun giɓin sisi ba, ko ya zauna a shagon POS yana rufe lissafi kowane dare, ko ya yi aikin agaji a asibiti, yana da abin rubutawa, kuma yana da mutanen da in an kira su za su amsa ba tare da jan numfashi ba. Giɓin zaman gida kuwa a faɗe shi yadda yake, jinyar mahaifi ce ko noma ne ko neman aikin ne bai samu ba. Ya ce bai taɓa ganin an kori mutum saboda ya yi shekara biyu a gona ba.

Game da masu shaida, ya ce ladabi ne da dabara a nemi izinin mutum kafin a sa sunansa, a kai masa kwafin takardar, a gaya masa irin aikin da ake nema. Ba abin da ya fi muni irin a kira malami ya ce wane ne haka, ban gane shi ba. Kuma a zaɓi wanda ya ga aikinka da idonsa, ko da ƙaramin ma'aikaci ne, ya fi babban mutumin da sau ɗaya kuka gaisa a wurin ɗaurin aure.

Ya kuma juya kan waɗanda ake zuwa wurinsu neman shaida, domin wasu daga cikin mahalarta sun fara kai wannan matsayi. Ya ce al'adar nan ta "je ka rubuta ka kawo in sa hannu" shaidar zur ce da aka sa wa hula, kuma kowa ya san matsayin shaidar zur a cikin manyan zunubai. Wanda ka shaida cewa amintacce ne alhali ba ka san shi ba, in ya ci dukiyar mutane kana da kamasho. Ya tuna da mutumin da aka kama a 2015 a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya bayan ya shafe kusan shekara 9 a matsayin likita da takardun abokinsa, ya ce a yi tunanin hannu nawa fayil ɗinsa ya bi. Fom ɗin garanto kuma ya fi wasiƙar shaida haɗari, domin shi alƙawari ne cewa in wane ya gudu da kuɗi ko kaya kai za ka biya, a karanta shi da kyau kafin a manna hoto. Haka nan wanda ya san yaro mutumin kirki ne amma ya ɓata shi don haushin ya bar wurinsa, shi ma ya ci amana.

A lokacin tambayoyi wani matashi ya miƙe ya ce shi tun yana sakandare wani yayansa ya rage masa shekara biyu a fom, yanzu takardunsa sun kasu gida biyu, yaya zai yi? Mai jawabin ya ce ya gyara tun bai miƙa wa kowa ba. Ya nemo takardar haihuwarsa ta asali ko abin da ya fi kusa da ita, ya bi hanyar gyara da hukumar NIMC da bankinsa suka tanada, ya ajiye duk rasit da wasiƙun da aka ba shi, in kuma an zo intabiyu ya faɗi bambancin da bakinsa kafin a gano. Ya ce a aikin gwamnati ranar haihuwar da aka rubuta wa mutum ran da ya shiga ba a sake ta har ya yi ritaya, don haka duk abin da zai yi ya yi shi kafin ya cika fom ɗin farko.

Wani kuma ya tambayi hukuncin albashin wanda ya riga ya sami aiki da takardar da ba tasa ba. Ya ce wannan fatawa ce, a kai ta gaban malamai da cikakken bayani, domin wanda ya ƙara wata uku a tarihin aikinsa ba ɗaya yake da wanda ke yi wa mutane allura da satifiket ɗin wani ba. Amma shi wannan na biyun, in ji shi, ba sai ya jira fatawa ba kafin ya ajiye sirinji.

An tashi daga zaman gab da sallar Magariba, bayan an sanar cewa duk mai son a duba masa takardarsa ya kawo ta mako mai zuwa tare da ainihin satifiket ɗinsa, ba hoto ba.